Wa Ya Shigo da Kogi Cikin Majami'a?

Ɗan'uwana mai karatu, idan ka saba jin ana cewa ikkilisiyar Narayi tana da rai domin kujeru ba sa isa ran Lahadi, ina roƙonka ka ajiye wannan ta'aziyya tukuna, mu yi magana irin ta 'yan gida ɗaya. Gaskiya ne majami'unmu sun cika. Daga Narayi zuwa Bayan Dutse, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha da Unguwan Romi, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ji ganga da waƙar yabo ba. Amma ka taɓa tambayar kanka abin da ya cika su?

Wanda ya kai shekara arba'in ya san amsar, ko da ba ya son faɗa. A ranar 21 ga Fabrairu, 2000, wuta ta kama Kaduna a kan batun shari'a, ta sake tashi a watan Mayu, aka binne fiye da mutum 1,000, wasu ma sun ce adadin ya ninka haka. A watan Nuwamba, 2002, aka sake zub da jini a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, sa'an nan rikicin bayan zaɓe na Afrilu, 2011 ya ƙarasa abin da ya rage. Masu bi da suka haifi 'ya'yansu a Tudun Wada da Rigasa da Unguwan Mu'azu suka sayar da gidaje a wulaƙance, waɗansu suka yi musayar gida da Musulmin da ke gudu daga kudu, kowa ya haye zuwa gefen da zai iya barci da ido biyu a rufe. Kogin Kaduna, wanda dā ruwa ne kawai da gada a kansa, ya zama iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya. Yawancin cikar da muke taƙama da ita ta wannan ƙaura ce. Makiyayin da garkensa ya ƙaru domin kura ta koro tumaki daga wani garke ba shi da dalilin buga ƙirji.

Ban faɗi wannan domin in rena wahalar kowa ba. Waɗanda suka haye gada da tabarma a ka da jariri a baya sun sami mafaka a cikin ikkilisiya, kuma daidai ne su samu. Sai dai tsoro yana tara mutane ne yadda ruwan sama yake tara baƙi a ƙarƙashin rumfa ɗaya: kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba wanda ya san sunan na kusa da shi, in ruwa ya ɗauke kowa ya kama gabansa. Zumuntar da Littafi Mai Tsarki yake nufi wani abu ne dabam. A sura 2 ta Ayyukan Manzanni an nuna mana mutanen da suke cin abinci gida gida, suna sayar da abin hannunsu domin biyan bukatar wanda ya rasa, Ubangiji kuwa yana ƙara musu waɗanda ake ceto kowace rana. Ƙaruwarsu ta fito daga zumuntarsu. Mu kuwa mun sami ƙaruwar da zumunta ba ta haifa ba, muka ɗauka mun riga mun isa.

To, ga ƙarata, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana: kogin nan da ya raba garinmu, mun ɗebo shi da hannunmu mun shigo da shi cikin majami'a, mun haƙa masa magudanai tsakanin layukan kujeru.

Ka dubi zaɓen dattawa. Mako biyu kafin ranar, ana addu'a a bagade cewa Ruhu Mai Tsarki ya nuna nasa zaɓaɓɓu, da dare kuwa ana zagaya gidaje ana lissafi: Bajju suna da mutum biyu, Ham suna da ma'aji, wannan karo dole Atyap su sami magatakarda, Adara kuma an daɗe ana danne su. Kafin a raba takardar ƙuri'a an gama zaɓen a ɗakin wani da harshen da rabin ikkilisiya ba ta ji. Idan gunduma ta aiko sabon fasto, tambayar farko da ake raɗawa ita ce ɗan ina ne, kuma daga amsar za ka san waɗanda za su cika gidansa da doya da waɗanda za su fara ƙirga kurakuransa tun bai sauke kaya ba. Saurayi da budurwa da suka girma a makarantar Lahadi ɗaya, aka yi musu baftisma a ruwa ɗaya, su zo da maganar aure, sai dattijon da ya koya musu cewa duka ɗaya suke cikin Almasihu ya ce 'yarsa ba za ta shiga waccan ƙabila ba, domin kakanninsa sun ce mutanen can ba su da riƙon aure. Wannan dattijo zai ɗauki gurasar Jibin Ubangiji ran Lahadi ya miƙa wa uban yaron, fuskarsa ba ko gezau.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ƙabila kyautar Allah ce, kuma littafin Wahayin Yahaya ma ya nuna taron sama da mutane daga kowace kabila da kowane harshe. Na yarda, kuma ba na neman kowa ya manta harshen uwarsa ko ya jefar da rawar garinsu. Za ka ƙara da cewa ƙungiyoyin ƙabila sun yi aikin alheri. Wannan ma gaskiya ne. Da masaƙun Kakuri suka mutu, KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba albashi, taron 'yan gari ne ya biya kuɗin makarantar yara da yawa, shi ne ya ɗauki gawawwaki zuwa Zonkwa da Kwoi da Kachia. Amma ka lura da abin da wannan yabo yake tonawa. Idan mai bi ya kwanta asibiti, ƙungiyar garinsu ta iso da kuɗi kafin rana ta faɗi, ikkilisiya kuwa ta ce a jira zaman kwamiti, to ya riga ya koyi wace ce iyalinsa ta gaskiya, kuma wa'azi dubu ba zai kankare wannan darasi ba. Sa'an nan ina makomar wanda ba shi da ƙungiya? Gwauruwar da ta fito daga ƙaramar ƙabila, su uku ne kacal a cikin Narayi duka, wa zai zo mata?

Ikkilisiyar farko ta gamu da irin wannan, ba ta kuwa rufe shi da waƙa ba. A sura 6 ta Ayyukan Manzanni, masu bi da ke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su ce ana kawo rabuwa ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma in ka karanta sunayen, daga Istifanas har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duka sunayen Helenawa ne. Wato masu rinjaye suka ɗauki tukunya da ludayi suka danƙa a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Ka nuna mini majami'a ɗaya a kudancin kogin nan inda ƙabilar da ta fi yawa ta ce, bana ma'aji ya fito daga waɗanda ba su kai gida biyar ba. A Antakiya ɗin nan kuma, inda aka fara kiran almajirai Kirista, Bitrus da kansa ya janye daga cin abinci tare da al'ummai saboda tsoron mutanen da suka zo daga Urushalima, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda ya ba da labari a Galatiyawa sura 2. Bitrus bai canza koyarwa ba, wurin zamansa a kan abinci kaɗai ya canza, Bulus ya ga cewa wannan ya isa ya karkatar da gaskiyar bishara.

Akwai wata magudanar da ba mu cika ambata ba, ita ce tsakanin sashen Turanci da sashen Hausa. A takarda bambancin harshe ne. A zahiri kowa ya san inda motoci suke tsayawa da inda ake zuwa a ƙafa, ya san sujadar da ake ba lokaci mai daɗi da wadda ake tura wa zafin rana, ya san wadda ake kira idan babban baƙo ya zo ƙaddamar da gini. A ranar ƙaddamarwa ana kiran sunan mai naira dubu ɗari biyar a lasifika har sau uku, tsohuwar da ta share majami'ar shekara ashirin tana tsaye a bakin taga domin an ba baƙi kujerarta. Yakubu ya yi maganar mai zoben zinariya da matalauci a sura 2 ta wasiƙarsa, ba sai na ƙara kome ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda dominsa na ɗauki alƙalami, shi ne wannan. Da Hausa muke addu'a. Da Hausa muke raira waƙa, da ita muke binne matattunmu, da ita Bajju da Gbagyi da Ngas suke gane juna a cikin Zumuntar Mata. Duk da haka kalmar Bahaushe a bakin yawancinmu ta zama sunan abokin gāba. Yaranmu da aka haifa bayan 2000 sun tashi ba su taɓa cin tuwo a gidan Bahaushe ba, ba su san cewa akwai Bahaushen da kakansa ya riga kakansu karɓar baftisma ba.

Bari in tuna maka. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa wajen 1929, kuma Hausawa da Fulani masu bi na wannan ƙaramin gari suna cikin waɗanda suka yi wahalar juya Maganar Allah zuwa harshen da kake karanta ta da shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Asibitin Barau Dikko da kake kai mara lafiyarka a cikin garin nan sunan Dakta R. A. B. Dikko yake ɗauke da shi, likita na farko daga Arewa, Kirista ne ɗan Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Bahaushe ne mai bi. Har yau a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Ikara da Tudun Wadan Kano akwai majami'u cike da Hausawa, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, suna riƙe da bangaskiya a inda riƙonta yake da tsada fiye da a Narayi. To ka gaya mini yadda ɗayansu yake ji idan ya zo Kaduna neman aiki, ya shigo majami'armu da doguwar riga da hula, masu tsaron ƙofa suka tsare shi da tambayoyi, aka bincike shi sau biyu, mata suka jawo jakunkunansu kusa, sa'an nan mai wa'azi ya hau bagade ya yi ta cewa Hausawa sun yi mana kaza, Hausawa za su yi mana kaza. A can garinsu ana ce masa ya bar danginsa ya bi addinin baƙi. A nan kuma 'yan'uwansa cikin Almasihu suna duban fuskarsa suna ganin wanda ya ƙone musu gida.

Wanda ya fi shi shan wuya shi ne sabon tuba. Muna tara baiko domin masu bishara da muka aika nesa, muna tafi idan aka karanta rahoton waɗanda suka ba da gaskiya. Amma ranar da ɗaya daga cikinsu ya bayyana a ƙofarmu, danginsa sun kore shi, matarsa an ɗauke, ba shi da kome sai rigar jikinsa, me muke yi? Mu tsayar da shi a gaban jama'a ya ba da shaida, a yi kuka, a zagaya da faranti, a ba shi kuɗin mota ya tafi wani gari inda, wai, zai fi samun tsaro. Tsaron wa ake nufi? Ba mai ba shi ɗaki, ba mai koya masa sana'a, ba mai ba shi 'yarsa. A bayan idonsa ana cewa a yi hankali, wataƙila ɗan leƙen asiri ne. A Markus sura 10 Yesu ya yi wa wanda ya bar gida da dangi saboda shi alkawarin samun gidaje da 'yan'uwa da uwaye ninkin ba ninkin tun a wannan zamani, tare da tsanani. Ka taɓa tunanin daga ina gidajen nan za su fito? Ba za su sauko daga sama da bulo da kwano ba. Gidanka ne ake nufi, matarka ce uwar da aka yi masa alkawari. Duk lokacin da muka sallami irin wannan mutum da kuɗin mota, mun sa alkawarin Ubangiji ya yi kama da ƙarya a idon wanda ya sayar da kome saboda shi. Idan ya koma inda ya fito bayan shekara guda, sai mu girgiza kai mu ce dama tubansa ba na gaskiya ba ne.

Yanzu za ka ɗaga murya ka ce, Fasto, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Za ka tuna mini da 5 ga Yuli, 2021, daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a nan ƙaramar hukumarmu ta Chikun, iyaye suka kwana a bakin hanya suna kuka. Za ka lissafa ƙauyukan da aka ƙone da fastocin da aka sace. Ban manta ko ɗaya ba, kuma ba na ce a cire masu tsaro daga ƙofa ko a daina lura. Amma 'yan bindigar nan sun zub da jinin Musulmi a Birnin Gwari da Giwa da Igabi ba tare da sun tambayi addininsu ba, mai sayar da ruwan da yake turo kura zuwa ƙofarka wataƙila gudun su ne ya kawo shi birni. Kuma tsoron da kake ji, Hananiya na Dimashƙu ya ji irinsa. Sa'ad da aka aike shi wurin Shawulu, ya san sarai cewa mutumin ya zo da takardun kama masu bi, ya kuwa faɗi damuwarsa a fili. Duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Da Shawulu ya isa Urushalima almajirai suka guje shi, suna zaton dabara ce, sai Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa. Zaton da suka yi ba na wauta ba ne, irin namu ne. Da ikkilisiya ta bi wannan zato har ƙarshe, da wasiƙu goma sha uku ba sa cikin littafin da ke hannunka.

A garin nan ma an ga irin wannan. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda, amma tun 1995 suke aikin sulhu tare. Ko ka yarda da dukan hanyarsu ko ba ka yarda ba, ba ka da bakin gaya wa mai hannun roba cewa bai san zafin abin ba.

Saboda haka idan muka ce muna shelar bishara, sai in tambaya, ga wa? Mun ɗaura lasifika a kan rufi tana ruri tun asuba, ta hana jariri da mara lafiya barci, waɗanda take isa kunnensu kuwa duka masu bi ne. Muna kiran babban taron farkawa, mu kwaso membobin majami'ar da ke bayan layinmu, mu rubuta su a matsayin girbi. Alhali kowace safiya mutanen hayin kogi suna zuwa da ƙafarsu har ƙofar gidanmu: mai nama, mai shayi, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, ɗan acaɓa. Shekara biyar mutum yana kawo maka ruwa, sunansa a bakinka bai wuce Aboki ba, kalmar da ta fi kowace daɗi a Hausa, mun mai da ita ta reni. Ba ka san ko yana da 'ya'ya ba, ba ka taɓa yi masa barka da salla ba, ran da ya yi rashi ba ka sani ba balle ka yi ta'aziyya. Da wane baki za ka gaya masa Allah yana ƙaunarsa? Kuma in ma ya saurara, ya biyo ka, cikin wace irin jama'a za ka shigo da shi, wadda ba ta gama yarda da auren Bajju da Ham ba? Yesu ya ce ƙaunar da ke tsakanin almajiransa ita ce shaidar da duniya za ta gane su da ita, ka duba Yahaya sura 13. Maƙwabtanmu ba kurame ba ne, suna jin labarin rigingimun zaɓenmu da ƙararrakin da muke kai juna kotu a kan filin majami'a.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ba na kiranka zuwa sabon shiri mai suna da kwamiti da riga iri ɗaya, muna da su har sun yi yawa. Akwai iyali a majami'arku da kuka yi shekara goma kuna zama layi ɗaya, ba ka taɓa taka ƙofarsu ba domin ba 'yan garinku ba ne. Ka je, ka ci abin da suka dafa ko da miyar ba irin taku ba ce. Idan 'yan garinku suka kira ka taron dare kafin zaɓen dattawa, ka ce ba za ka zo ba, ka kuma faɗi dalili. 'Yar'uwa a Zumuntar Mata, ke kin fi kowa sanin gwauruwar da ba ta sayi zanen bana ba, kin kuma san ba don ba ta so ba ne ta daina zuwa. Gobe da safe ka tambayi mai ruwan nan sunansa na yanka da sunan garinsu.

Kwamitin dattawanku zai zauna kafin ƙarshen wata, kuma na tabbata batun tayil da fenti da sabon janareta yana kan takarda. Ka nemi izini ka shiga, ka tambaye su a gaban fasto: idan wani ya zo daren yau an kore shi daga gida saboda sunan Yesu, a ɗakin wa zai kwana, wa zai ci da shi wata shida, a shagon wa zai koyi aiki, kuma nawa muka ware masa a kasafin bana? Za a ce maka magana ce mai nauyi, a ɗage ta zuwa zama na gaba. Kada ka tashi daga kujerar sai magatakarda ya rubuta sunan gida ɗaya.